Tanderun Hosiyat Ya Rasu a Gangaren Kamcik

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika, kunya kuma ta zauna mata a baki kamar murfin tukunya, ni Tursunali ɗan Holmat, tsohon direban babbar mota, wanda dā yake zaune a layin marina na garin Margilon, yanzu kuwa yake zaune duk inda mai ya ƙare masa, nake sanar da dangi da maƙwabta da abokan hanya rasuwar tanderun matata Hosiyat. Ya rasu ranar Talata da hantsi, a bayan motar da muka mayar gida, a gaban rumfar shayin da ke gangaren dutsen Kamcik ta wajen garin Angren. Ba tsufa ba ne, ba kuma wahalar hanya ba ce. Gaggawa ce ta kashe shi, ƙarya ta riƙe masa ƙafa, kuma duka biyun daga wurina suka fito. Na sa wannan tun a sama domin kada wani ya zo gaisuwa yana ce mini kwana ne ya ƙare. Kwanansa bai ƙare ba, ƙarar da shi aka yi.

Na kira limamin unguwarmu a waya, na tambaye shi ko ya halatta a ce Allah ya jiƙan tanderu. Ya ce ba a yi wa yumɓu wannan addu'a. Na ce, to mu da me aka yi mu? Ya ce in je in sha shayi in huta. Saboda haka ban rubuta ba, amma wanda ya faɗa a zuciyarsa, ni ban ji ba.

An haifi marigayin a hannun wani maginin tukwane na garin Rishton, daga jar ƙasa da gashin tumaki, a shekarar da 'yarmu Muhayyo take rarrafe. A keken jaki aka kawo shi, kwance cikin ciyawa. Surukina da kansa ya gina masa dakali a kusurwar tsakar gida ƙarƙashin inabi, ya kewaye shi da tubali, ya lulluɓe shi da laka da gishiri. Hosiyat ta shafe cikinsa da man auduga, ta yi ta ba shi wuta kaɗan-kaɗan, yadda ake ba jariri ruwa da cokali, kafin ta manna masa gurasar farko. Ina tsaye a wurin, da idona na gani. Ku riƙe wannan, za a neme shi a gaba.

Tanderun mutane yakan yi shekara goma ya zube. Wannan kuwa sai da ya gasa gurasar bikin yarinyar da ya tarar tana rarrafe, ya gasa ta sunan 'ya'yanta. Bai taɓa sakin gurasa ta faɗa toka ba, sai ranar da aka kawo wa Hosiyat labarin rasuwar mahaifiyarta, kuma ranar ma ita ce ta manna a karkace. In an gama gashi bai ce ya gaji ba. Matan layi su kawo samsarsu, kullun nan da ake cusa wa nama da albasa, su manna, wata ta turbuɗe kabewa a tokarsa, tsohuwar da ke bayanmu ta zo ta jingina bayanta da shi don ciwon sanyi. Duk gulmar layin marina a bakinsa aka yi ta, bai taɓa kai wa kowa ba.

Maganarsa kaɗan ce, na kuma haddace ta duka. In an cusa masa karan auduga sai ya ce huuu. In wuta ta kwanta, cikinsa ya yi fari, Hosiyat ta yayyafa ruwan gishiri, sai ya ce cuu. Daga nan sai ɗas, ɗas, ɗas, gurasa na kama bango. In kuma ta ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa don ta ji lafiyarsa, sai ya amsa ƙal, kamar kwanon shayi mai kyau. Mutum nawa kuka sani da ya rayu shekara talatin da kalma huɗu, kuma babu ƙarya a ciki ko ɗaya?

Ni kuwa bashin da yake bina ya fi na kowa. Duk tafiyar da zan yi mai nisa, da albasa ko da kankana, Hosiyat kan tsaya a bakin ƙofa da gurasa mai zafi in ciza sau ɗaya, ta rataye sauran a ƙusa, yadda ake yi wa kowane matafiyi, don rabonsa da ya bari a gida ya ja shi ya dawo. In na dawo in jiƙa ta a shayi in cinye. Na faɗa rami da mota, na kwana cikin ƙanƙara, an taɓa tare ni da bindiga, amma ban taɓa barin gurasa ta gaji da jira ba.

Ga yadda ciwon ajali ya samo asali. Da na ajiye tuƙi, zama ya gagare ni. Inabi ba ya motsi, bango ba ya motsi, maƙwabcin jiya shi ne na yau. Wata rana na ga wasu tsofaffin baƙi, miji da mata, sun tsaya a kasuwar siliki da farar mota mai gado da famfo da labule a ciki, suna shan shayi a bakin titi kamar a tsakar gidansu. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini. Na sayi tsohuwar bas wadda dā take kai masu tsinkar auduga gona, na cire kujerunta, na sa gado biyu da tankin ruwa da kanta mai igiya don kada butocin shayi su zube. Sannan na ce wa Hosiyat za mu sayar da gida.

Ta ce, "Baban Muhayyo, shekara arba'in kana yawo ina jiranka. Yanzu da ka zauna, sai gidan ma ya tashi yawo?"

Na ce, "Ai jiran ne ya ƙare. Inda na je kin je."

"Gurasa fa?"

"Wane gari ne babu kasuwa?"

"Kai ka ci. Ni hanjina bai san gurasar wani ba."

"To mu tafi da tanderun."

Ta dube ni yadda ake duban yaron da ya ce zai ɗauki rijiya a ka. Ta ce, "Tanderu ba tukunya ba ne. Inda aka zaunar da shi, nan yake tsufa."

Muhayyo tana nan ranar, ta zo daga Angren. A gabanta na ce, "Ranar da tanderun nan ya kasa ba ki gurasa a hanya, da hannuna zan kai ki gidan Muhayyo, ba kuma zan sake ce miki ki hau ba." Hosiyat ta ce, "Kin ji ubanki." Muhayyo ta ce ta ji. Alkawari kaya ne, kuma direba ya fi kowa sanin ba a ɗaukar kaya sai an san inda za a sauke. Ni na ɗauka ban tambaya ba.

Yanzu na gane abin da ya sa ta yarda. Ta tabbata zai fashe a wurin tono, magana ta mutu, gida ya tsira. Marigayin kuwa, saboda biyayyarsa, bai fashe ba. Na fasa tubalin da surukina ya jera, na cire shi lafiya lau kamar ƙwai. Sotiboldi mai shagon siliki, wanda ya sayi gidan, ya roƙe ni in bar masa shi. Da na ƙi, ya dubi dakalin ya ce, "Yaya Tursunali, ka bar mini giɓi a tsakar gida." Mai walda ya ƙera keji a bayan bas, muka shimfiɗa yashi da tsofaffin barguna, muka zaunar da shi bakinsa na duban hanyar da muka baro, muka sake shafe shi da laka, muka rufe da tamfol.

Da ya mutu a makon farko, da ban rubuta wannan takarda ba. Amma ya yi aiki. A bakin kogin Sirdarya ya ce huuu kamar yana ƙarƙashin inabi. Wani makiyayi ya biyo ƙanshi daga nesa, Hosiyat ta ba shi biyu, ya ba mu madara. Ɗan sanda ya tare mu, bai nemi takarda ba, ya zagaya baya ya leƙa, ya kira abokinsa ya zo ya gani. Hosiyat ta ɗinka labule. Ta samo wa kowane cokali mazauni. Wata safiya tana kwaɓa, ƙofar bas a buɗe, kogi na wucewa, ta ce ba tare da ta dube ni ba, "Ashe haka duniya take da faɗi, kai kaɗai kake ci shekara arba'in." Ta kuma tambaya, in mun gaida Muhayyo, ko hanyar birnin Samarkand tana da nisa, don ba ta taɓa zuwa ba. Duk wanda ya san Hosiyat ya san wannan tambaya ta fi rantsuwar wani.

Ranar Litinin muka kama hawan Kamcik, ruwa ya sauko haɗe da ƙanƙara. Lanƙwashe-lanƙwashen hanya suka juya mata kai, ta kwanta ta rufe fuska da mayafi, barci ya ɗauke ta. Sai rufin bas ya fara yoyo, daidai kan kujerar direba. Kujerar nan daga motata ta ƙarshe na ciro ta, fatar rago ce a kanta, ta san bayana kamar yadda takalmi ya san ƙafa. Tamfol kuwa ɗaya ne. Na tsaya a gefen hanya, na dubi kujera, na dubi tanderu. Na ce a raina, ai ƙasa ne, ƙasa ta saba da ruwa. Na kwance tamfol na hau na rufe rufin. Ruwa ya yi ta dukan marigayin har la'asar, bakinsa a buɗe. Da aka ɗauke, kafin ta farka, na mayar da tamfol na ɗaure, na kulle masa danshin a ciki.

Washegari muka sauka a rumfar shayin gangare. Ergash, wanda muka yi shekaru muna karɓa-karɓar sitiyari, yanzu a nan yake yini, rumfar ta mijin 'yarsa ce. Yana hango mu ya ce, "Jama'a ku matsa, ga kunkuru ya iso da gidansa a baya."

Wani direba ya ce, "Baba, rijiyar fa, tana tirela ta biyu?"

Ergash ya zagaya baya ya ce, "Wannan ƙullin kuma, surukarka ce ka naɗe?"

Na ce, "Tanderu ne, kuma yana aiki, ba kamar wasu ba."

"Tanderun da ya hau Kamcik a bayan wannan akwala? In ya gasa ko guda ɗaya, ni zan wanke maka motar nan da gemuna."

Na ce, "Ka jiƙa gemun. Kafin azahar kowa a rumfar nan zai ci."

Hosiyat ta sauko ta je kwance tamfol. Ta tsaya. Ta ce, "Wannan ba ƙullina ba ne."

Na ce, "Iska ce ta kwance, na ɗaure."

Ta zura hannu ta ɗora tafinta a bangonsa, ta shinshina yatsunta. "Ya sha ruwa."

"Bai sha ba. Sanyin dutse ne."

Ta ƙwanƙwasa. Bai ce ƙal ba, ya ce ƙum, kamar mai mura. Ta ce, "Ko ma mene ne, ba za a sa masa babbar wuta ba. Garwashi kaɗan, yau da gobe da jibi, sai ya fitar da gumi. Muna da sauran gurasar da muka gasa a bakin kogi. Ka ce wa abokanka su ci ta rumfa." Ko alkawarin ba ta ambata ba. Ƙofa ta buɗe mini, ni kuwa na nufi bango. Ta shiga ciki gaida matar mai rumfa.

Ergash ya ɗaga kwanon shayi ya ce, "Kunkuru, rana na tafiya."

An ce wanda bai ji bari ba, ya ji hoho. Kowane direba ya san abin da muke yi wa inji in sanyi ya daskarar da mai: mu kwanta ƙarƙashinsa da 'yar tukunyar fetur mai feso wuta, mu gasa masa ciki har ya tashi. Shekara arba'in ban ga injin da ya ƙi ba. Na ɗauko ta daga akwatin kayan aiki. Ni da na tsaya na ga yadda aka ba shi wuta da cokali ranar farko, na cusa masa rungumar karan auduga, na kunna tukunyar na zura masa a baki.

Bai ce huuu ba. Tururi ya fara fita ta jikinsa, yana fiii, fiii, kamar ƙirjin yaro mai tari. Ya gargaɗe ni, ban janye ba. Sai ƙas. Ergash ya ajiye kwano ya ce, "Tursunali, kashe abin nan." Sai ƙas na biyu, tsaga ta tashi daga baki ta gangara har gindi, rufinsa ya rufta cikin wuta. Daga nan bai sake cewa komai ba.

Hosiyat ta fito. Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta jira ya huce, ta ƙwanƙwasa abin da ya rage a tsaye. Ɓak, kamar an doki buhu. Ta ce, "Tun jiya ya sha ruwan ko?"

Na ce, "Tun jiya."

"Me ka rufe da tamfol ɗin?"

"Kujera."

"Ta jiƙe?"

"A'a."

"To madalla. Kunna mota, Baban Muhayyo."

Daga gangare zuwa Angren ba nisa. Ban taɓa tuƙi a hankali irin na ranar ba, amma sannu ba ta hana zuwa. A gindin benen da Muhayyo take na sauke mata akwatinta. Gurasar kogi guda ɗaya ta rage, ta bushe ƙamas. Na ɗauko na miƙa mata, na ce, "Uwar Muhayyo, ki ciza in rataye a mota."

Ta ce, "Ni ai na iso. Kai ne mai tafiya. Ko na ciza, a ina za ka rataye? A bangon da in na dawo neman sa ya tafi wani gari?"

Ta karɓa ta mayar mini daidai baki, yadda ta saba a bakin ƙofa. Na ciza. Haƙorina na sama ya tafi tare da lomar. Ta dubi gurasar, ta dube ni, ta naɗe ta a ƙyalle, ta hau bene.

Marigayin ya rasu ya bar ɗan matashin tsumma na manna gurasa, wanda ya ƙone ta gefe ɗaya tun zamanin surukata, da hannun riga mai kauri da Hosiyat ke zurawa kafin ta shiga cikinsa, da hatimin ƙusoshi mai zanen fure na huda tsakiyar gurasa. Waɗannan suna wurina a cikin bas, ba su da aikin yi. Ya bar kwanon kwaɓi, da tsamin kullu wanda ya girme shi, su kuma sun bi Hosiyat. Ya bar matan layin marina, da tsohuwa mai ciwon baya. Ya bar Hosiyat a hawa na huɗu, inda babu tsakar gida balle dakali. Muhayyo ta ce kullum ana sayo mata gurasa a shagon ƙasa, ta gutsura, ta shinshina, ta ci rabi. Ta kuma ce an buga ƙusa kusa da taga an rataye waccan mai cizon. Ban tambaye ta ko haƙorin yana ciki ba.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis bayan azahar a Margilon. Gawar tana cikin buhunan fulawa a kan gadon Hosiyat, an rufe ta da bargo, zan sake haye Kamcik da ita. Sotiboldi ya yarda a binne shi a giɓin dakalinsa ƙarƙashin inabi, da sharaɗin ba zan sake tono komai a gidansa ba. An aika wa Hosiyat, ta ce ta riga ta yi masa sallama a gangare. Za a dafa osh, shinkafarmu ta taro, da naman rago da karas, kowa ya zo da yunwarsa. Gurasar ta kasuwa ce. Wanda ya ji ta yi tauri kada ya faɗa mini, na sani. Ergash ya ce zai zo, na yafe masa wankin mota, ya bar gemunsa a bushe. Kada kowa ya kawo sabon tanderu a matsayin gaisuwa. An riga an yi tayi, an gaya wa Hosiyat, ta ce, a zaunar da shi ina? Ni ma tambayar da nake kwana da ita ke nan, domin gurasa tana rataye a Angren, kuma ban taɓa barin gurasa ta gaji da jira ba.

Ana karɓar gaisuwa a cikin bas, a gefen magudanar ruwa ta bayan masallacin layin marina, har zuwa Asabar. A cire takalmi a bakin ƙofa, ko yaya dai gida ne.

Matasan da ke zuwa leƙen motata suna cewa su ma wata rana za su yi haka, ku zo ku ji abin da gaggawa ke ci, ba sai kun tambayi Ergash ba. Ta ci gida mai inabi a layin marina. Ta ci tanderu mai shekara talatin. Ta ci hanyar Samarkand, da matar da ta tambayi nisanta. Ta ci haƙori ɗaya na sama. Abin da ta bar mini shi ne bas mai gado biyu, da tamfol, da kujerar direba, wadda ko ɗigo bai taɓa ta ba.

Tursunali ɗan Holmat, a madadin iyalan marigayin, waɗanda ba su sa shi ba.